Kuɗin da 'Yan'uwa ke Turowa daga Ƙasashen Waje: Ina Haraji ya Shigo?



Mai girma shugaban taro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan kasuwa, da matasan da na ga sun cika bayan zaure, ina yi muku barka da wannan lokaci.

Tun ranar 26 ga Yunin 2025 da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda manyansu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hankalin gidaje da yawa bai kwanta ba. An yi ta yawo da magana a WhatsApp cewa daga yanzu duk kuɗin da ya faɗo asusun mutum sai gwamnati ta yanki nata. Wasu tsofaffi har sun aika wa 'ya'yansu da ke Saudiyya da Ingila cewa a dakata da turo kuɗi ta banki. To bari in fara da amsar da ta kawo ku, kada in riƙe muku rai. Idan ɗanki da ke Jidda ya turo miki kuɗin cefane, ko yayanka da ke Landan ya taimaka maka da kuɗin makarantar yara, ko ƙanwarka da ke Amurka ta aiko da gudummawar biki, babu ko kwabo na harajin kuɗin shiga da dokar Najeriya ta ɗora maka a kansu. Kyauta tana cikin abubuwan da dokar ta yafe, kuma Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa da ya tsara dokokin, ya sha nanata hakan a bainar jama'a.

Ban ga laifin wanda ya tsorata ba. Iyayenmu da ke zaune a nan gaba sun tuna zamanin da mutum ke kwana a daji saboda dagaci ya fito karɓar haraji, Bafulatani kuma ya kora shanunsa ƙetaren iyaka saboda jangali, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Wanda ya tashi da wannan labarin, da ya ji an ce haraji sai gabansa ya faɗi. Kuma gaskiya ne Najeriya ta taɓa yin dokar da ke karɓar haraji kan dukiyar da aka bayar kyauta ko aka bari gado. An kafa ta a 1979, ba ta yi wani tasiri ba, aka soke ta a 1996. Tun daga nan ba a maido da ita ba.

Kuɗin da muke magana a kai kuwa ba ƙanana ba ne. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje sun turo gida kimanin dala biliyan 19.5 a 2023, Babban Bankin Najeriya kuma ya ce a 2024 abin ya haura dala biliyan 20. Gwamnatin da ke neman dala ido rufe ba za ta so ta toshe wannan hanya ba. Ku tuna a Maris ɗin 2021 Babban Banki har ladan naira biyar ya riƙa bayarwa kan kowace dala ɗaya da aka karɓa ta hanyar da ya amince da ita, don kawai mutane su bi ta banki.

Da a nan maganar ta tsaya, da na zauna mun sha ruwa mun watse. Amma ba duk kuɗin da ya fito daga hannun ɗan'uwa ne kyauta ba, kuma a nan ne na fi so mu daɗe.

Malamanmu na fiƙihu sun riga ma'aikatan haraji rarrabe wannan. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, babin hiba daban yake, babin rance daban, ajiyar amana daban, ƙiradi daban, wato a ba ka jari ka juya a raba riba, ijara ita ma daban, wato a sa ka aiki a biya ka lada. Kowanne da hukuncinsa a rayuwa, da hukuncinsa idan ɗaya ya rasu. Ma'aikacin haraji ma abin da yake tambaya ke nan: me aka bayar a madadin wannan kuɗi? Idan babu komai sai zumunci, to ba ruwansa. Idan kuwa akwai aiki, ko haja, ko haya, ko riba a bayansa, sunansa kuɗin shiga, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke da wanda ya turo.

Ku ɗauki misali. Yaro yana zaune a Kano, yana yi wa wani kamfani na Ingila aikin kwamfuta ta intanet. Saboda wahalar karɓar kuɗi, sai kamfanin ya riƙa biya ta asusun wansa da ke can, wan kuma ya turo masa duk wata. A takardar banki sunan wansa ne ke fitowa, amma kuɗin ladan aiki ne, kuma dokar ta ce mazaunin Najeriya zai biya haraji kan abin da ya samu ko daga wace ƙasa ya fito. Haka matar da ke aika wa ƙanwarta a Makka dinkakkun kaya da turaren wuta da kilishi, ita kuma ta sayar ta turo riyal. Wannan ciniki ne, ribarsa kuma tana cikin lissafi. Haka wanda yayansa ya ɗora shi kan aikin gini ya yanka masa wani abu duk wata. Kuɗin siminti da rodi amana ce a hannunsa, ba nasa ba ne, ba haraji a kansu. Abin da aka yanka masa kuwa lada ne.

Nawa ake biya idan abin ya zama kuɗin shiga? A sabon tsari, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 da ke biye da su kashi 18, a haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Wato wanda abin da ya rage masa a shekara, bayan an cire abubuwan da doka ta yarda a cire, ya kai naira miliyan 3, zai biya naira 330,000. Kuma harajin mutum ɗaya-ɗaya hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa ce ke karɓa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Hukumar tarayya da muka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, harkarta ta fi karkata ga kamfanoni da waɗanda ba mazauna ƙasa ba.

Sai abu na biyu, wanda mutane suka fi mantawa. An yafe wa kyautar haraji, amma ba a yafe wa abin da ta haifa ba. Ɗanka ya turo maka miliyan 40 kyauta, ka gina shaguna a bakin titi. Miliyan 40 ɗin ba a taɓa su, amma kuɗin hayar da za ka fara karɓa kuɗin shiga ne. Ka sa su a jari a kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa, ribar ta shiga lissafi. Ka ajiye a banki irin ajiyar da ake ba da kuɗin ruwa, banki zai cire kashi 10 cikin 100 na ruwan tun kafin ya iso gare ka. Ka sayi fili, bayan shekaru ka sayar da riba, ribar ma tana da nata hukunci. Shi ma ɗan'uwan da ke zaune a waje, albashin da yake karɓa a can ba ruwan Najeriya da shi muddin ba mazauninta ba ne a idon doka, amma gidan hayarsa da ke nan Najeriya ce ke da haƙƙin harajinsa. Ana yawan ambaton kwana 183 cikin wata goma sha biyu a matsayin ma'aunin zama mazauni, sai dai dokar ba ta tsaya kan ƙidayar kwanaki kaɗai ba, tana kuma duba inda gidan mutum na dindindin yake, da inda iyalinsa da harkokinsa suke. Wanda ke kai-komo tsakanin Kano da Dubai, iyalinsa da shagunansa duk suna nan, kada ya ɗauka takardar izinin zama ta can ta fitar da shi.

Yanzu ga inda nake ganin za mu sha wuya, kuma laifin ba na doka ba ne, na ɗabi'armu ne. Mu mutane ne masu kunya da kara. Ƙani ba zai iya ce wa yayansa "Yaya, rubuta min cewa wannan kyauta ce" ba, sai a ce ya raina shi ko bai yarda da shi ba. Sannan asusu ɗaya muke da shi, kuma shi ne tukunyar da ake zuba komai: kuɗin maganin Hajiya, kuɗin ginin Yaya, cinikin shago, adashen mata, gudummawar masallacin unguwa, har da na maƙwabcin da ba shi da asusu ya ce a tura masa ta naka. Shekara ta ƙare, miliyan 60 sun ratsa asusun mutumin da abin da ya samu na kansa bai kai miliyan 2 ba. Ranar da aka tambaye shi, da me zai rarrabe?

Kuma yiwuwar a tambaya ta ƙaru. An ɗaure asusun banki da BVN da NIN, lambar NIN ɗin kuma ita ce ke zaman lambar harajin mutum a sabon tsari. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta wajabta wa bankuna su riƙa kai rahoton asusun da hada-hadarsa ta wuce wani adadi. Tun kafin ita, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk kuɗin da ya shigo ko ya fita daga ƙasar nan, in ya haura dala 10,000, sai an kai rahotonsa, wanda kuma ya ɗauko fiye da haka a jaka ta filin jirgi ko ta kan iyaka sai ya bayyana wa kwastam. Ku lura, kai rahoto daban, cire haraji daban. Ba banki ne ke yanke cewa kuɗinka kyauta ne ko riba ba. Naira 50 ɗin nan da ake cirewa kan tura naira 10,000 zuwa sama kuɗin hatimi ne, ba shi da alaƙa da ko kuɗin kyauta ne. Abin da rahoton ke jawowa shi ne tambaya, kuma mai shaida a hannu tambaya ba ta tayar masa da hankali.

Wannan ya kawo ni kan 'yan canji. Kowa a nan ya san yadda ake yi. Ɗan'uwa ya ba wani ɗan kasuwa riyal a Jidda ko dirhami a Dubai, a kira wani ɗan canji a Wapa, cikin minti goma naira ta faɗo asusunka. Yana da sauri, farashin ma sau da yawa ya fi daɗi, kuma na san dalilin da ya sa ake bi ta nan: Bankin Duniya ya sha bayyana cewa tura kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara shi ne mafi tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin 100 kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Daga farkon 2024 kuma Babban Banki ya umarci kamfanonin tura kuɗi su riƙa biyan mai karɓa da naira. Amma ku duba abin da ke fitowa a takardar banki. Sunan ɗanka ba ya ciki. Sunan wani kamfanin sayar da atamfa ne ko wani mutum da ba ka taɓa gani ba. A idon mai bincike wannan ya fi kama da ciniki. Mafi muni, idan asusun da kuɗin ya fito yana cikin wani bincike na EFCC, naka ma ana iya rufe shi, kai da ba ka ci nanin ba nanin ta ci ka. Ƙaramin kuɗin cefane ba shi nake ji ba. Amma kuɗin sayen gida ko na jari, shawarata a bi hanyar da sunan mai turowa zai fito, ko da an yi asarar 'yan nairori a canji.

Shaidar da nake nufi ba sai an je wurin lauya ba. Mai turowa ya rubuta dalili a gurbin bayani: na Hajiya, kuɗin makaranta, na gini. Ka ajiye rasit ɗin. Saƙon da ya aiko a waya yana cewa ga kaza na ba ka, kada ka goge. Idan kuɗin mai yawa ne, takarda ɗaya mai kwanan wata da sa hannu da shaidu biyu ta wadatar. Mai sana'a kuma ya buɗe asusu na biyu, ya raba ciniki da zumunci. Wanda ke jin nauyin neman rubutu ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Alƙalanmu na kotunan shari'a za su gaya muku yawan rigimar gadon da ke tasowa daga nan: mutum ya yi shekara ashirin a waje yana turo kuɗi, an gina gida da sunan ƙaninsa, ya rasu, 'ya'yansa su ce amana ce, ƙanin ya ce kyauta ce. Takardar da za ta raba wannan gardama ita ce dai za ta amsa wa hukumar haraji waye mai gidan, waye kuma zai biya harajin hayarsa.

Bari mu leƙa ɓangaren mai turowa, don ku san abin da za ku gaya wa 'ya'yanku. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa karɓar harajin albashi daga ma'aikaci, saboda haka maganarsu gajera ce. A Amurka mai bayarwa ne ke da alhakin harajin kyauta, ba mai karɓa ba. A 2025 mutum na iya ba kowane mutum ɗaya har dala 19,000 a shekara ba tare da ya cike ko takarda ba. Idan ya wuce haka zai cike fom ya sanar, amma ba zai biya komai ba sai jimillar kyautarsa ta tsawon rai ta haura wani adadi da ya kai dala miliyan 15 a 2026, wanda kaɗan ne cikin 'yan'uwanmu za su kusance shi. Sabon abin shi ne dokar da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta ɗora kashi 1 cikin 100 kan kuɗin da ake turawa waje daga farkon 2026. Da farko kashi 5 aka nema, majalisa ta yi ta ragewa. Kuma ya shafi wanda ya kai tsabar kuɗi ko makamancinsu kanti ne ya tura. Wanda ya tura daga asusunsa na banki ko da katinsa na bankin Amurka bai shiga ciki ba.

A Ingila ba a karɓar haraji lokacin da aka yi kyautar, amma idan mai bayarwa ya rasu kafin shekara bakwai, ana maido da ita cikin lissafin dukiyar da ya bari. Harajin gado a can kashi 40 cikin 100 ne kan abin da ya haura fam 325,000. An yafe fam 3,000 a kowace shekara, an kuma yafe abin da mutum ya saba bayarwa a kai a kai daga rarar abin da yake samu, wanda nan ne kuɗin da ake turo wa iyaye duk wata ya fi dacewa ya faɗa, in dai akwai rubutaccen lissafi. Daga Afrilun 2025 sun koma duba tsawon zama: wanda ya zauna shekara 10 cikin 20 da suka wuce, dukiyarsa ta ko'ina a duniya ta shiga lissafinsu, har da gidan da ya gina a nan. Likitocinmu da suka daɗe a can su kula da wannan.

Akwai kuma lokacin da kuɗin ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wato uba a nan ya sayar da fili ya tura wa ɗansa ya sayi gida a Amurka. Ɗan ba zai biya haraji kan kyautar ba, amma idan abin da ya karɓa daga mahaifinsa da makusantansa ya haura dala 100,000 a shekara, wajibi ne ya sanar da hukumar harajinsu ta fom mai lamba 3520. In bai yi ba, tarar tana iya kaiwa kashi 25 cikin 100 na kuɗin. Rubu'in dukiya ya tafi saboda takarda ɗaya, a kan kuɗin da tun asali ba a bin sa komai. Alhazan da ke da yara a can, ku gaya musu kafin ku tura.

Ga malamai a gabana, ba zan wuce ban ambaci zakka ba, ko da yake su ne masu maganar. Yafewar gwamnati ba ta ɗauke haƙƙin Allah ba. Kuɗin kyauta idan ya kai nisabi, wato ƙimar dinari ashirin, kimanin giram 85 na zinariya, ya kuma shekara a hannunka, za ka fitar da ɗaya cikin arba'in. A mazhabarmu daga ranar da ya shiga hannunka ake fara ƙirga masa shekara, wanda shi ma wani dalili ne na sanin kwanan watan da aka turo.

To idan duk da haka wata rana takarda ta iso daga hukumar haraji ta jiha, an lissafa kuɗin da ɗanka ya turo a matsayin kuɗin shigarka, an yanka maka abin biya, kada ka jefa ta ƙarƙashin katifa, kada kuma ka nemi wanda zai ce a ba shi wani abu ya kashe maganar. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da takardar ta same ka ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi dalilinka, ka haɗa da takardar banki da rasit da duk shaidar da kake da ita. Idan ka bari kwanakin suka wuce, abin da suka yanka ya zauna. Idan ka rubuta suka ƙi saurara, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, sannan sababbin dokokin sun kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, wanda aikinsa shi ne karɓar ƙorafi kan yadda jami'ai suka yi wa mutum. Duk abin da za ka biya kuma, ka biya a asusun gwamnati ka karɓi rasit da sunanka, ba a hannun wani ba.

Mai girma shugaban taro, na ga hannaye sun fara tashi, zan tsaya nan a shiga tambayoyi.